Kuwwa a cikin jini: yadda aka gano abin da ke gaggauta cutar sida



Wanda ya kai shekara arba'in a ƙasar nan ba sai an ba shi labarin shekarun 1990 ba. Mota ta tsaya tashar Konni ko mararrabar Tsarnawa, a sauko da mutum ranga-ranga, abokan zama sun yi karo-karo sun rako shi daga Abijan. Ya rame har mahaifiyarsa sai ta sake dubawa kafin ta gane ɗanta. Ba a kiran sunan ciwon a gida. A ce tari ne, a ce zawo ne ya ƙi tsayawa, a ce jifa aka yi mishi a can. Samari kuwa suna da sunan da suka laƙaba ma ciwon a bakin titi: kabari kusa.

Akwai abin da ya riƙa ɗaure ma mutane kai a lokacin, kuma har yau ana tambayarsa. Mutum biyu, gwaji ya nuna duk suna ɗauke da ƙwayar. Ɗaya bai kai shekara uku ba ya kwanta, ɗayan ya yi shekara goma yana noman albasarsa ba wanda ya sani. Miji ya rasu, matarsa ta daɗe lafiya lau, har dangi su ce ai da ma ba wannan ciwon ba ne. Ajali na hannun Allah, babu mai musu. Amma Allah ya sanya ma kowane abu sababi, kuma masu bincike sun yi sama da shekara talatin suna bin sawun wanga sababi. Wani sashe mai yawa na aikin ma a Abijan aka yi shi, garin da mutanenmu suka fi sani bayan nasu.

A 1987 aka tabbatar da mai cutar na farko a Nijar. A lokacin bayanin da ake yi mai sauƙi ne. A cikin jini akwai fararen ƙwayoyi, sojojin jiki, kuma a cikinsu akwai waɗanda ake kira CD4, su ne kamar masu ba da umurni. Mai lafiya yana da tsakanin 500 da 1,500 a ma'aunin likita. Ƙwayar sida tana shiga cikinsu ta hayayyafa ta kashe su, idan suka faɗo ƙasa da 200 sai kowane ciwo ya samu ƙofa. A tsaka-tsaki, in babu magani, tafiyar takan ɗauki kusan shekara goma. Binciken da aka yi a karkarar Masaka ta ƙasar Yuganda ya samu shekara tara da ƴan watanni, kusan daidai da abin da aka gani a Turai kafin zuwan magani. Wasu sukan faɗi cikin shekara biyu ko uku, wasu su wuce sha biyar.

To amma da aka leƙa jinin masu cutar, sai aka ga abin mamaki. CD4 ɗin da ƙwayar ta shiga cikinsu ƙalilan ne ƙwarai. In ɓarawo gida guda ya shiga cikin dubu, mi ya sa garin duka ke watsewa?

Amsar tana ga yadda sojojin jiki ke magana da junansu. Ku ɗauka ɓarawo ya shigo gari da dare. Wanda ya fara ganinsa ba ya bin gida-gida, kuwwa yake yi. Na kusa ya ji ya ɗauka, samari su fito da sanduna, wani ya ce ya bi ta nan, wani ya ce a tare ta can, in an kama shi kuma a samu dattijon da zai ce to ya isa, kowa ya koma ya kwanta. Jiki ma haka yake yi, sai dai tasa kuwwar ba murya ba ce. Wasu sinadarai ne ƙanana da ƙwayoyin jiki ke saki, su bi jini su kai saƙo. Masana suna ce musu sitokin, mu kuma mu ce ƴan saƙo. Akwai mai cewa ku tashi, akwai mai cewa ku hayayyafa, akwai mai nuna hanya, akwai mai cewa a tsaya. Zafin jikin da kake ji in masassara ta kama ka, da ciwon gaɓoɓi, da bakin da ya ƙi abinci, yawanci aikin ƴan saƙon nan ne.

Na farko da aka gano shi ne intaferon, a Landan, a 1957, ta hannun Alick Isaacs da Jean Lindenmann. Sunan sitokin ya zo a 1974. A 1976 kuma, a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka, aka gano ɗan saƙon da ke sa sojojin jiki su hayayyafa, wanda daga baya aka sa ma suna IL-2. Ba don shi ba da ba a iya rainon waɗannan ƙwayoyi cikin kwalba. Da shi Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka yi aiki a cibiyar Pasteur ta Faransa har suka fito da ƙwayar sida a 1983. Kun ga tun ranar farko labarin cutar da na ƴan saƙo a haɗe suke.

Wanda ya fi shafar ramar da muka gani da idonmu kuwa, daga shanu aka fara bin sawunsa. Wani masani ɗan Amurka, Anthony Cerami, ya je Kenya a shekarun 1970 ya ga shanun da sammore ya kama. Makiyayanmu sun san abin: saniya ta tsotse har haƙarƙari ya fito. Abin da ya ba shi mamaki shi ne ƙwayar cutar da ke cikin jinin saniyar ba ta kai yawan da za ta cinye wannan nama ba. Ya yi zaton jikin dabbar ne da kansa ke sakin wani abu da ke ƙone kitse da tsoka. A 1985 shi da Bruce Beutler suka ware abin, sai ga shi ashe shi ne ɗan saƙon da wasu masu binciken ciwon daji suka riga suka sa ma suna TNF shekara goma kafin nan. A wannan shekara ta 1985 mutanen Yuganda ke kiran sabuwar cutar da sunan rama, mu ma a Hausa ƙanjamau muka ce, daga ƙanjamewa. Rama a sida tana da dalilai da yawa, zawo da rashin ci da sauransu, amma TNF da ƴan uwansa suna cikin masu hura wutar.

A 1989 aka gano abin da ya fi wannan muni. Ƙwayar sida tana iya laɓewa cikin sojan jiki ta yi shiru. Da TNF ya iso ya ce a tashi, sai ita ma ta farka ta fara hayayyafa, don maɓallin da ke tada sojan shi ne dai ke tada ta. Kuma ƙwayar ta fi son sojan da ya riga ya tashi, a cikinsa take samun abin da take bukata. Kenan kuwwar da aka yi don a kama ɓarawo ita ce ke fito mishi da mutane daga gidajensu. Sojan da aka tayar kuma ba ya daɗewa, ko ƙwayar ba ta taɓa shi ba yakan mutu bayan ya gama aiki. In kuwwa ta yi dare guda babu komai. In ta yi shekara takwas ba ta tsaya ba, gari zai ƙare ko da ɓarawon bai kashe mutum da yawa da hannunsa ba.

Nan ne Abijan ta shigo. A 1988 aka buɗe wani shirin bincike a can mai suna RETRO-CI, kuma a 1990 Kevin De Cock da abokan aikinsa suka bayyana cewa sida ce ta fi kowane abu kashe maza manya a birnin. Ku tuna su wane ne ke cike da kasuwannin Abijan a shekarun nan, daga Adar da Konni da Gobir. Wani likita ɗan Ingila, Sebastian Lucas, ya binciki gawarwakin waɗanda suka rasu a asibiti a can, ya samu kusan ɗaya cikin uku na masu ɗauke da ƙwayar tarin fuka ne ya kashe su. A cikin waɗanda suka fi ramewa, sama da kashi 40 cikin ɗari tarin ya riga ya watsu cikin jiki duka, sau da yawa ba tare da an gane ba tun suna da rai.

Tarin fuka ciwo ne da jiki ke yaƙa da TNF. Saboda haka duk lokacin da ya tashi, jini na cika da wannan saƙo, ƙwayar sida kuma ta samu damina. An auna an gani, yawanta a jini yakan hau in tarin ya kama mutum. Ita kuma tana ƙara karya CD4 ɗin da za su tsare tarin. Kowane ɗaya na ciyar da ɗan uwansa. Masassarar cizon sauro ma tana yin irin haka, ko da yake na ɗan lokaci ne. Wani bincike a Malawi da aka fitar a 2005 ya nuna yawan ƙwayar yakan kusa ninkawa in masassara ta kama mai ɗauke da ita, sai bayan mako takwas zuwa tara da shan magani ya koma yadda yake. Wanda ke zaune kusa da fadamun Konni ko kwarin Magiya ya san sau nawa masassara ke zagayowa a shekara. Don haka gidan sauro ga mai ɗauke da ƙwayar ba ƙawa ba ce.

Ba duk ƴan saƙo ne ke taimakon ƙwayar ba. A Disamban 1995 aka gano guda uku daga cikin masu nuna hanya, waɗanda ake kira kemokin, suna hana ta shiga sojan jiki. Watanni kaɗan bayan haka, a 1996, aka gane dalili. Ƙwayar ba ta wadatuwa da CD4, sai ta kama wata ƙofa ta biyu, kuma ƙofar nan, CCR5, asalinta wurin karɓar saƙon kemokin ce. In masu ƙofa suna tsaye a kanta baƙo ba ya samun wuri. A shekarar dai aka samu wasu Turawa da aka haifa babu wannan ƙofa, kusan mutum ɗaya cikin ɗari a arewacin Turai, kuma da wuya ƙwayar ta kama su. Ɓargon irin wannan mutum aka dasa ma Timothy Brown a Balin a 2007 saboda ciwon dajin jini, ya zama na farko da aka tabbatar ya rabu da ƙwayar. Kada wani ya ji wannan ya sa rai: wannan gado kusan babu shi a Afirka, dashen ɓargo kuma aiki ne da kansa ke kashe mutane, ba a yi ma kowa sai mai ciwon daji.

Wadda ta fi kowa nacewa a kan maganar kuwwa ita ce Janis Giorgi, wata masaniya a Los Anjalas. Ta yi shekaru tana auna wata alama da sojojin jiki ke ɗauka in sun tashi, CD38. A 1999 ta nuna cewa ga waɗanda cutar ta yi nisa, yawan tashin sojoji ya fi yawan ƙwayar kanta nuna wanda zai riga mutuwa. Lokacin hankalin duniya na kan ƙidayar ƙwaya a jini, abin da likitocinmu ke ce ma sharji biral, don haka ba kowa ya saurare ta ba. Ta rasu a 2000, kafin birai su gaskata ta.

E, birai. A dazuzzukan Kodebuwa da Laberiya da Saliyo akwai wani biri mai launin toka da ake kira mangabe. Daga jikinsa nau'i na biyu na ƙwayar sida ya tsallako ga mutane, wanda aka gano a 1986 a jikin marasa lafiya daga Gine Bisau da tsibiran Kap Ber. Birin nan yana ɗauke da ƙwayar da yawa a jininsa, kamar yadda mutum marar magani ke ɗauke da ita, amma yana tsufa da ita, da wuya ya yi ciwo. In aka sa irin ƙwayar a jikin birin Asiya kuwa, sai ya ƙanjame ya mutu. Guido Silvestri ya nuna a 2003 cewa bambancin shi ne jikin mangabe a kwance yake. A 2009 wasu rukunoni a Amurka da cibiyar Pasteur suka ƙara bayani: biran Afirka ma suna yin kuwwa da farko, intaferon ya tashi sosai, amma cikin ƴan makonni sai su yi shiru. Birin Asiya da ɗan Adam ba su yin shiru. Su biran nan suna da dattijon da ke cewa ya isa, mu ba mu da shi a wannan ciwo. Haka kuma aka lura da masu nau'i na biyu na ƙwayar: da yawansu sukan daɗe ƙwarai, kuma waɗanda CD4 ɗinsu ke faɗuwa su ne waɗanda jikinsu ya tashi. A Nijar nau'i na farko ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Mi ke hana kuwwar tsayawa? Wani sashe na amsar yana cikin hanji. Mafi yawan sojojin jiki ba cikin jini suke zaune ba, da yawansu a bangon hanji suke, don can ne iyaka tsakanin jiki da abin da muke ci. A makonnin farko bayan kamuwa, lokacin da mutum ke jin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kaluluwa yana cewa masassara ce, ƙwayar tana share CD4 na hanji. Jinin da aka adana na wasu masu ba da jini a Amurka, waɗanda suka kamu ba su sani ba, ya nuna yadda ƴan saƙo ke tashi kamar guguwa cikin kwanakin nan. A 2006 Jason Brenchley da Daniel Douek suka nuna cewa daga nan bangon hanji yakan riƙa yoyo, ɓarɓashin ƙwayoyin cikin hanji ya riƙa tsiyaya cikin jini. Jiki ya gan su ya sake yin kuwwa, yau da gobe, shekara da shekaru. Kaluluwa kuma, inda ake rainon sababbin sojoji, ta riƙa yin tabo har ta kasa aikinta.

Duk wannan sani bai hana a yi kuskure ba, kuma manyan kurakurai biyu ne suka fi koyar da duniya.

Na farko shi ne tunanin ƙara sojoji. Tunda IL-2 na sa CD4 su hayayyafa, me zai hana a yi ma mutane allurarsa tare da maganin sida? Aka shirya manyan gwaje-gwaje biyu, ESPRIT da SILCAAT, mutum kusan 5,800, aka bi su kimanin shekara bakwai. Allurar tana da wahala, tana kwantar da mutum da zazzaɓi. A 2009 sakamako ya fito. CD4 sun ƙaru a takarda, babu shakka. Amma waɗanda aka yi ma allurar ba su fi sauran tsira daga ciwo ko mutuwa ba. Ina son a riƙe wannan, saboda har gobe a kasuwanninmu da cikin motocin haya akwai masu tallar garin magani da ruwan kwalba suna cewa yana ƙara garkuwar jiki. Sinadarin da jiki da kansa ke amfani da shi, wanda aka auna aka ga ya ƙara lambar, bai ceci rai ba. Ina ga abin da ba wanda ya taɓa aunawa? Kuma jikin mai ɗauke da ƙwayar ba barci ne ya yi mishi yawa ba da za a ce a tada shi. Rashin barcin ne ciwonsa.

Na biyu ya fi kusa da mu. Da haɗaɗɗun magungunan ARV masu ƙarfi suka fito a 1996, suna da tsada, suna da wahalar sha, wasu na lalata jijiya da canza surar jiki. Sai aka yi tunanin hutu: in CD4 sun haura 350 a ajiye magani, in sun faɗo ƙasa da 250 a koma. A ido dabara ce mai kyau, musamman ga ƙasashe matalauta. Aka gwada a Abijan, a binciken Trivacan ƙarƙashin Christine Danel da Xavier Anglaret. A ƙarshen 2005 dole aka dakatar da wannan sashe, don masu hutun sun fi masu sha kullum kamuwa da ciwo mai tsanani da kusan ninki biyu da rabi. A Janairun 2006 aka tsayar da wani mafi girma, SMART, mai mutum 5,472 a ƙasashe 33, saboda dalili iri ɗaya. Abin da ya girgiza likitoci shi ne yawancin waɗanda suka rasu ba cututtukan da aka saba gani ga mai sida ne suka kashe su ba. Ciwon zuciya da ƙoda da hanta, waɗanda ake zaton maganin ke jawowa, sun fi yawa ga waɗanda suka ajiye maganin.

Aka koma kan jinin da aka adana. A 2008 Lewis Kuller da abokan aikinsa suka nuna cewa waɗanda ke da yawan wani ɗan saƙo mai suna IL-6, da wata alamar daskarewar jini, tun farkon binciken, su ne suka fi mutuwa. Kuma wata guda kacal bayan ajiye magani, IL-6 ya hau da kusan kashi 30 cikin ɗari. Mutum yana yawonsa, yana jin ƙarfi, lambar CD4 ɗinsa ba ta faɗi ba tukuna, amma kuwwar ta riga ta dawo tana cin jijiyoyin jininsa.

Daga nan tambaya ta juya. In hutu na da illa, jiran da ake sa mutane su yi kafin a fara ba su magani fa? Lokacin da shirin gwamnati na INAARV ya fara raba ARV a Nijar a 2004, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a jira CD4 su sauka zuwa 200, ko ciwo ya bayyana. Mutane da yawa sun ji an ce musu jininka da sauran ƙarfi, je ka dawo bayan wata shida. Ba laifin likita ba ne, ƙa'idar duniya ce a lokacin, maganin ma bai wadata ba. Aka ɗaga ta zuwa 350 a 2010, zuwa 500 a 2013. Wanda ya yanke gardamar kuma daga Abijan ya sake fitowa. Binciken Temprano ya ɗauki mutum 2,056 tun daga 2008, a 2015 ya nuna cewa fara magani nan take ya rage ciwo mai tsanani da mutuwa da kashi 44 cikin ɗari, wata shida na maganin rigakafin tarin fuka kuma ya rage da kashi 35. A shekarar dai binciken START, mai mutum 4,685 a ƙasashe 35, ya samu ragin kashi 57. A watan Satumba na 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwayar a fara ba shi magani, ko nawa ne CD4 ɗinsa.

Wani abu da ke tsorata iyalai, kuma ya sa wasu suka watsar da magani, shi ma daga ƴan saƙon nan yake. Mutum ya zo a makare, CD4 sun yi ƙasa ƙwarai, an fara ba shi ARV, bayan mako biyu ko uku sai zazzaɓi ya tashi, kaluluwa ta kumbura, tari ya ƙaru. Sai a ce maganin bai karɓe shi ba, a kwashe shi a koma gida. Sau da yawa abin da ya faru shi ne sojojin da suka farfaɗo sun tarar da tarin fuka ko wani ciwo da ke laɓe, suka tashi da kuwwa gaba ɗaya. Likitoci sun san wannan, suna da abin da suke bayarwa don kwantar da shi, an gwada a Afirka ta Kudu an ga amfaninsa. Abin yi shi ne a koma asibiti da gaggawa, ba a ajiye ƙwaya ba. Wanda ya fara da wuri kuwa da wuya ya gamu da wannan.

Ko da magani ya danne ƙwayar har gwaji ya kasa ganinta, kuwwar tana raguwa ƙwarai amma ba kullum take mutuwa murus ba, musamman ga wanda ya fara a makare. Shi ya sa ake sa ido kan hawan jini da ciwon suga da taba ga masu shan ARV. A 2023 wani bincike mai mutum 7,769 ya nuna maganin rage kitsen jini ya rage musu ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Awon IL-6 da ire-irensa aikin ɗakunan bincike ne. Abin da ake aunawa a asibiti shi ne sharji biral, kuma ya wadatar, don in ƙwayar ta kwanta mafi yawan kuwwar na kwantawa tare da ita.

Alhamdu lillahi, Nijar na cikin ƙasashen da cutar ba ta yi yawa ba. Binciken ƙasa na 2002 ya samu kashi 0.87 cikin ɗari na manya, na 2006 ya samu 0.7, na 2012 ya samu 0.4. Amma ƙarancin nan na da nasa sharri, don inda abu ya yi kaɗan nan ake fi ɓoye shi. Mutum ya gwammace ya wuce asibitin garinsu ya tafi Galmi, ko Tawa, ko ya tsallaka iyaka ta Illelar Najeriya zuwa Sakkwato, don kada a gan shi a layi. In kuɗin mota ya ƙare, magani ya yanke. Mu kuma mutanen tafiya ne. Ana gama girbi motoci ke cika, direbobin da ke ɗaukar albasar Galmi da simintin Malbaza kuwa rabin rayuwarsu a hanya take.

Hutun da aka gwada a Abijan aka ga illarsa, da likita a kusa aka yi shi, ana auna jinin mutum a kai a kai. Wanda ɗan bida ke yi in ƙwayarsa ta ƙare a Kodebuwa ko Libiya babu mai aunawa, kuma ba wata guda ba ne, sai damina ta kusa. Wanda zai tafi ya gaya ma mai ba shi magani tun kafin ranar, ya nemi na watanni da yawa da takardar da za ta gabatar da shi a wani asibiti. Ƙwaya guda ɗin nan da ake sha sau ɗaya a yini, mai haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegirabir, ita ce dai ake bayarwa a Abijan da Sakkwato da Yamai.